Wace irin wuƙa ce za ta jure zaman daji? Masana ku taimaka

Ɗan_Bali:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Dan Allah mafarauta da maƙera da duk wanda ya san kan ƙarfe ku ba ni shawara. Bana na kama gona can ciki bayan Bali a jihar Taraba, irin wajen da mai mashin zai sauke ka ka ƙarasa da ƙafa, kuma idan damina ta kankama mutum sai ya daɗe a bukka bai leƙo gari ba, to komai da wuƙa ake yinsa, yanka igiya, fiƙe turaku, gyaran kifi idan yara sun kamo a rafi, feɗe ɗan abin da Allah ya hore, wani lokacin har tsaga ƙananan itace don a samu busasshen ciki a hura wuta tunda komai a jiƙe yake. Wadda nake riƙewa yanzu mai ninkewa ce ta aljihu, ƙusar tsakiyarta ta saki sai girgiɗi take kamar haƙorin tsoho, shekaranjiya ina fiƙe sanda saura ƙiris ta rufe min a yatsa, shi yasa nace gara in nemi tsayayya wadda ba ta ninkewa, mai kube.

To na shiga intanet na duba sai kaina ya ɗaure. Akwai wasu manya-manya irin na sojojin fim, bayansu da haƙora kamar zarto, ƙotar kuma ana kwance ta akwai ashana da ƙugiyar kifi a ciki har da kamfas a gindi, wlh sun burge ni. Akwai kuma masu zane-zane a jiki da ake ce wa damaskus. Wasu sun ce sai silba wadda ba ta tsatsa, wasu sun ce baƙin ƙarfe ne kawai wuƙa. Tambayata dai, wane tsawo ya dace, wane ƙarfe, kuma in yi odar ta waje ne ko in je wajen maƙeri? Kuɗin ba wasu masu yawa bane, taki da maganin feshi sun cinye kusan komai, so nake in saya sau ɗaya in huta. Nagode.

Sarkin_Shagala:

Hhhh Ɗan Bali noma ka je yi ko yaƙi? Wuƙa mai kamfas kuma, kai da ka san hanyar gonarka ko cikin dare? Ka sayi adda mai tambarin kada ka ƙara da wuƙar mahauta, magana ta ƙare. Bari manya su zo dai.

Injiniya_Mk:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wasa Sarkin Shagala yake amma rabin maganarsa gaskiya ce, zan dawo kanta.

Fara cire ranka daga mai ramin ƙota ɗin nan. Ka yi tunanin yadda aka haɗa ta, tunda an bar rami a ƙota don zuba ashana to ƙarfen ba shi da hanyar shiga ciki, ɗan guntu ne ake maƙalawa da noti ko gam a daidai wuya, kuma wuyan nan shi ne inda duk nauyin duka yake sauka, ranar da ka ɗora ta kan itace ka buga bayanta sai ka ga ƙota a hannunka ruwan wuƙar a ƙasa. Akwai 'yan kaɗan masu tsada da aka fafe daga dunƙulen ƙarfe guda, amma ba su ne ake tallatawa da araha ba. Haƙoran bayan ma ba sa yanka itace yadda zarto ke yi, cizon babban yatsanka kawai za su riƙa yi duk sanda ka danna baya kana sassaƙa.

Abin da za ka fara dubawa shi ne wutsiyar ƙarfen, wato ɓangaren da ya shige cikin ƙota. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya zarce tun daga tsini har gindi da faɗinsa, aka manna katako ko roba gefe da gefe aka buga ƙusoshi, idan ka juya ta za ka ga layin ƙarfen yana zagaye ƙotar gaba ɗaya, masu saidawa na rubuta ful tang a jikin tallan. Irin wannan ko katakon ya fashe sai ka naɗa tsumma ko robar tayar mashin ka ci gaba da aiki. Akwai kuma mai siririyar wutsiya da ke ɓuya a cikin ƙota, ba wai ba ta da kyau bane, idan wutsiyar doguwa ce tana aiki shekara da shekaru, duka da banƙara ne dai ba ta so.

Tsawo kuma, a nan ne yawancin mutane ke asarar kuɗi. Ruwan wuƙa inci 4 zuwa 5 ya ishe ka, kauri milimita 3 zuwa 4 da ɗan wani abu. Ka duba Fallkniven F1, ita ce wuƙar da matuƙan jiragen yaƙin Suwidin ke ɗauka tun 1995 saboda ko jirgi ya faɗi da mutum a daji, ruwanta bai ma cika inci 4 ba, santimita 9.7 ne, kaurinta milimita 4.5. Mutanen da aka yi wa ita don su rayu a dajin ƙanƙara kenan fa. Ita kuma Ka-Bar da kowa ke yi wa kallon uwar wuƙaƙe, wadda sojojin ruwan Amurka suka amince da ita a 1942, inci 7 ce saboda an yi ta ne ta yi faɗa ta kuma yi aiki, wutsiyarta siririya ce, ƙotarta kuma faifan fata ne aka jera aka matse, to fata da ruwan Taraba ka san ba shiri. Doguwar wuƙa idan ka zo gyaran ƙaramin kifi ko fiɗar zomo tsinin ya yi nisa da hannunka, ba ka da iko da shi, sai ka fasa matsarmama ko ka huda hanji ka ɓata nama, idan kuma ka zo sara ba ta kai adda ba. Shi yasa nace Sarkin Shagala ya yi rabin gaskiya, adda ta yi sara da share hanya, matsakaiciyar wuƙa ta yi sauran, su biyun a haɗe ba su kai kuɗin ƙatuwar wuƙa ɗaya ta gayu ba.

Sai ƙarfe. Wanda muke ce wa baƙin ƙarfe, misali mai lamba 1095 da kamfanin ESEE ke yawan amfani da shi, kabon ɗin cikinsa ya kusa kashi 1 cikin 100, yana ɗaukar kaifi da sauri ko a kan dutsen rafi, amma ka yanka lemon tsami ko tumatir ka ajiye shi ba ka goge ba kafin gari ya waye ya yi ja. Silba kuma sinadarin kuromiyom ne ke hana ta tsatsa, sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 ake kiranta haka. Mutanenmu sun raina silba ne saboda wuƙaƙen kicin na banza da suka saba gani waɗanda ko albasa sai an yi ta goga, amma silba mai kyau irin 12C27 ko 14C28N na Suwidin tana kaifi sosai kuma ba ta wahalar washi. A wajen da kake, raɓa da safe ruwa da yamma ga gyaran kifi kullum, ni silba mai kyau zan ce maka. Da Gashuwa ko Nguru ka ce min da sai in ce baƙin ƙarfe ba gardama.

Damaskus ɗin arahar nan kuma ka bar shi, ado ne. Da yawa ba ka san ƙarafan da aka haɗa ba, wasu ma zanen kawai aka ɗora a sama da asid. Na gaske akwai amma ba kuɗin wanda taki ya cinye wa aljihu bane.

Ƙota ka riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu ka ji, idan tana santsi ka ajiye, kuma ya zama akwai ɗan tudu ko lanƙwasa da zai tare yatsa kar ya zame kan kaifi lokacin da hannu ya sha jini da kitse. Kube kuma ka sa wuƙar ka kifa shi ka girgiza, idan ta faɗo to ba kube bane.

Jikan_Maƙera:

Salamu alaikum. Injiniya ya yi bayani Allah shi saka da alheri, amma ni ban ji inda ya ba maƙeranmu haƙƙinsu ba, duk sunayen Turai munka ji. Ƙanena Ɗan Bali, mu cikin maƙera munka tashi, ƙarar masaba ita ka tashe mu da asuba, kuma mafarauta da Fulanin da ka kwana daji shekara da shekaru ba odar Suwidin su kai ba, wajenmu su ka zuwa.

Wanga abu da Injiniya ya ce na ƙarfe ya zarce har gindi, ai kai za ka faɗa ma maƙeri ya yi maka hakanan, ba wani abu ne mai wuya ba. Abin da ya sa ba ka yawan ganin irinta a kasuwa shi ne ƙarfe take ci, kuma hujin ƙusa aiki ne, shi kuwa mai saye ragi yake nema, sai a yi siririyar wutsiya a gasa ta a cusa cikin itace a miƙa mai. Kai kuwa tunda ta zaman daji kake so, ka je tashar kwasan ƙarfe ko wajen masu gyaran manyan motoci ka sayi guntun sifirin, wato falankin ƙarfen nan da ka ɗaukar nauyin mota bisa taya, da kanka, ka duba shi da kyau kar ka ɗauki wanda ya tsage ko tsatsa ta ci shi ta yi ramuka, ka kai ma maƙeri hannu da hannu. Ka zana girman da kake so a kwali ka yanke ka ba shi, don in ka ce mai "matsakaiciya" kawai to abin da ya ga dama za ya yi. Tsohon magagari ma yana wuƙa mai kaifin tsiya amma ya fi saurin karyewa in ba a sassauta shi da kyau ba, sifirin ya fi haƙuri da duka. Abin da za ka guje ma shi ne rodi na gini da fallen jikin mota, waɗannan ko an kwana ana tsoma su ba su riƙe kaifi.

Kuma dan Allah kar ka sayi wuƙar daji cikin tulin nan da a ka zubewa a kasuwa ana saura kwana kaɗan Babbar Salla. Wannan lokacin oda ta yi ma kowa yawa, yara a ka ba su yi ta bugawa, wuƙar rago ɗaya ce, ta gama layya ta gama aiki. Ka je bayan salla sa'adda maƙera ta yi sanyi, ka zauna nan gindin zugazugi ka ga aikinka da idonka, ka sai ma yaro mai zuga goro ko shayi.

Gwaji kuwa ga shi. Ka ɗauki magagari ka goga a bakin kaifin, in ya kama yana cin ƙarfen da sauƙi yana zubo gari to ba ta taurara ba, in ya zame yana ƙara siririya bai kama ba to ta yi. Sannan ka samu busasshen icen ƙirya ka sassara shi da ita da ƙarfi, ka ɗaga ta ga rana ka bi bakin da ido, inda duk ya lanƙwashe za ka ga yana walƙiya, inda ya ɓantare kuwa farcenka za ya ji shi. Ta lanƙwashe, taushi ya yi yawa. Ta ɓantare, tauri ya yi yawa. Maƙerin kirki ba ya jin haushin wanga gwaji, wanda ya ɓata rai ka san akwai magana.

Ƙota a yi ta da ƙirya ko marke busasshe, ba ɗanye ba, ɗanye in ya bushe sai ya ja jiki ƙusoshi su saki. Ƙusa ukku ta tagulla ko jan ƙarfe. Ka shafe ta da man kaɗe ka aje a rana ta sha. Shi ruwan wuƙar ma man kaɗen ya ishe shi hana tsatsa, kuma ba ya cutarwa in ka yanka abinci, ba kamar baƙin man inji da wasu ka shafawa ba sannan su yanka nama da ita, Allah shi kiyaye.

Abu ɗaya da baƙin ƙarfe ya fi silba da Injiniya bai faɗi ba, wuta. Kakanninmu da ƙyastu da dutsen ƙanƙara da audugar rimi su ka kunna wuta, to bayan wuƙar baƙin ƙarfe mai tauri in ka ƙyasta shi da ƙanƙara yana ba da tartsatsi, silba kuwa ba ta yi. Ashana ta jiƙe, leta ta ƙare gas, kai dai kana da wuta in ka iya.

Ɗan_Bali:

Kai Alhamdulillah, wlh na ƙaru, mai kamfas dai na yafe ta tun kafin in biya. Baba Jikan Maƙera Allah ya ƙara girma, Injiniya nagode sosai. Amma yanzu kun sa ni tsakiya, ɗaya ya ce silba ɗaya ya ce sifirin. Idan ta wajen ce akwai wadda talaka zai iya saya mai kyau? Don na duba F1 ɗin nan na ga kuɗinta sai da na rufe wayar. Sannan batun kube, na fata ko na roba? Kuma yaya ake wasa ta a daji inda ba mai washi, ni dai na saba in kai wa masu giranda a kasuwa.

Bakano_a_Lidis:

Slm. Ɗan Bali amsar tambayarka ta farko Morakniv ce, ana ce mata Mora kawai, sunan garin da ake yinta ne a Suwidin. Samfurin Companion shi ne na talakawa, wajen dala 15 zuwa 20 ake saida shi a nan ƙasashen kafin kuɗin kawowa, ruwanta inci 4 da ɗan ɗoriya, akwai ta silba akwai ta baƙin ƙarfe, ƙotar roba ce mai kama hannu ko a jiƙe, kuben ma roba ne mai ɗan huji a ƙasa da ruwa ke tsiyayewa. Masu koyar da zaman daji a nan ita suke fara miƙa wa ɗalibai. Wutsiyarta ba ta kai gindi ba, ta dai shiga kamar kashi uku cikin huɗu na ƙotar, kuma ruwan wuƙar siriri ne, kaurinsa milimita 2 zuwa 2.5, akwai mai kauri 3.2 da suke kira Heavy Duty. Idan lallai sai wadda ƙarfen ya zarce kake so to Garberg ce tasu, ta fito a 2016, amma kuɗinta ya ninka na Companion sau huɗu ko fiye. Ni a ganina tunda kana da adda Companion ta ishe ka, ba abin da ka lissafa da ba za ta yi ba, tsaga itacen da bai wuce kaurin hannu ba ma tana yi in dai ba banƙara ta za ka yi gefe ba. Ka dai kula da jabu, sanannun wuƙaƙen nan kusan duk ana kwaikwayonsu, idan ka ga F1 ko ESEE a kuɗin da bai kai kwatan na gaske ba to ka san abin da ake ciki.

Wani abu da ba wanda ya taɓo, hukuma. A nan Ingila dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, abin da aka ɗaga wa ƙafa kawai mai ninkewa ce wadda ba ta kullewa kuma bakinta bai wuce inci 3 ba, tsayayya ko ƙarama ce sai ka yi bayani, kuma "don kare kai" ba dalili bane a wajensu. A gida ma ai ka san yadda ake ciki da batun daba da ƙwacen waya, matashi da wuƙa a ƙugu a cikin gari ko a shingen bincike ba wanda zai tsaya jin labarin gonarka. Idan za ka yi tafiya ka naɗe ta ka sa can ƙasan buhu tare da adda da fartanya da sauran kayan gona, sai ka isa daji ka ɗaura. Wanda zai taho maka da ita ta jirgi kuma ya sa a babbar jakar da ake aunawa, a jakar hannu ƙwacewa za su yi. Wannan ma wani dalili ne na guje wa masu kama da na yaƙi, Mora mai ƙota ruwan lemo ko kore kowa ya gani ya san kayan aiki ce, kuma idan ta faɗi cikin ciyawa ka fi saurin ganinta.

Maman_Ilham:

Ni dai karatu nake ina dariya, maza da wuƙa sai ka ce mota za a saya. Amma batun kuben fata gaskiya ku faɗa masa, maigidan nan ya ajiye wuƙar layyarsa cikin kubenta na fata a saman durowa, da shekara ta zagayo da ƙyar aka zaro ta, ta yi jawur. Yanzu ni nake ajiye ta, in wanke in shanya in shafa mai in naɗe a takarda, kuben daban.

Injiniya_Mk:

Maman Ilham ta amsa rabin tambayar kube, fata tana shan danshi ta riƙe, kuma kayan jima da ke jikinta su ma suna taimaka wa tsatsa. Don damina roba ta fi. Idan ta maƙeri ka yi kuma baduku zai ɗinka maka, ka ce ya sa ƙarin tsirin fata mai kauri a tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi, in ba haka ba wuƙar da kanta za ta yanke zaren wata rana ta leƙo ta cinya. Wasu suna gasa bututun roba na famfo a wuta su matse shi ya ɗauki siffar wuƙar sannan a rufe da fata, ba kyau a ido sosai amma yana aiki.

Baba Jikan Maƙera ranka ya daɗe ban raina maƙera ba wlh, sifirin ƙarfe ne na gaske, yawancinsa dangin 5160 ne mai kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, kuma maƙeran Nefal ma da shi suke ƙera wuƙarsu kukri da duniya ta sani. Inda nake jin tsoro shi ne wajen tsomi, wato tsoma ƙarfe da zafinsa a ruwa ko mai don ya yi tauri. Ƙarfe ɗaya, maƙera biyu, sai ka samu wuƙa biyu da ba su da alaƙa. Kamfani yana da na'urar auna zafi, Mora dubu za su fito tauri ɗaya, tsakanin 56 da 60 a ma'aunin Rokwel, shi kuma maƙeri da ido yake aunawa, gwani ya dace kullum, wanda ba gwani ba yau ya dace gobe ya kuskure. Tunda Ɗan Bali zai zauna a wajen to ga abin da zai lura da shi. Ƙarfe idan ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyos mayen ƙarfe yana daina kama shi, to ɗan sama da nan kaɗan ake tsomawa, ba sai ya yi fari yana tartsatsi ba. Sifirin kuma a mai ake tsoma shi, ruwa yana iya tsaga shi ko da ba ka ga tsagar a ranar ba. Bayan tsomi dole a sake ɗumama shi a hankali, a goge jikin ya yi haske a ɗora bayan wuƙar kan garwashi ana kallo har bakin ya yi ruwan kara ko ruwan zuma, wajen digiri 200 zuwa 230 kenan, idan bakin ya kai shuɗi an wuce, ya yi taushi. Wannan mataki na biyun shi ne masu sauri ke tsallakewa, shi yasa za ka ga wuƙa ta faɗi kan siminti ta karye biyu.

Maganar ƙyastu gaskiya ce ban musa ba, sai dai yanzu akwai ɗan sandan ƙyasta wuta da ake saidawa, fero rod, shi ko da silba yana ba da wuta in dai bayan wuƙar yana da kusurwa mai kaifi ba a murje shi ba, kuma ko ya jiƙe ka goge ya yi. Companion bayanta a murje yake zuwa, sai ka ɗan bi shi da magagari ya yi gefe.

Giranda kuma Ɗan Bali ka raba wuƙarka da ita. Tartsatsin nan da kake gani yana tashi ƙarfenka ne ke tafiya, kuma zafin yana ƙona bakin, in ka lura wani lokacin tsinin har shuɗi yake yi, to daga nan ta daina riƙe kaifi sai an cinye wajen. Ka sayi ɗan dutsen washi mai fuska biyu, gefe mai kaushi gefe mai laushi, yana shiga aljihu. Mora ta fi kowacce sauƙin washi saboda gangaren bakinta faffaɗa ne guda ɗaya, kwantar da shi kawai za ka yi a kan dutsen ka tura, shi zai nuna maka kusurwar da kansa. Sauran wuƙaƙe kuma ka ɗaga bayan kamar digiri 20, ka yi ta bi gefe ɗaya har ka ji ɗan kaushin ƙarfe ya fito a ɗaya gefen idan ka shafa da yatsa daga baya zuwa baki, sai ka juya, ka gama da gefe mai laushi, sannan ka ja ta da baya-baya a kan tsohon bel na fata. In ba dutse, samfefa mai laushi a kan katako mai santsi ko gindin kofin tangaran inda ba a shafa masa ƙyalli ba duk suna yi. Kuma kar ka jira ta dakushe gaba ɗaya, ka gama aikin yini ka ɗan bi ta kafin ka kwanta.

Jikan_Maƙera:

To Injiniya yanzu ka yi magana, ruwan zuman nan shi ne aikin, tsohonmu inuwa yake shiga in za ya duba shi don rana na ɓoye launi. Ɗan Bali in ka samu mai kawo maka Morar ka saya, ba haram ba ne, amma kafin ta iso ai damina ba ta jiranka, ka kai sifirin a buga maka ɗaya ka riƙa aiki da ita. Ka ce a bar bayan da kauri kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu a jere, kar a sirance tsinin da yawa, kuma a huda gindin ƙotar ka sa igiya, don in kana gyaran kifi bakin rafi ka rataya ta a wuyan hannu.